Kyamara mai ido biyu a wata ruga bayan Yashe

Shekarun baya can, lokacin da kuɗin mai ya fara shigowa ƙasar nan kowa ya ruɗe da sayen sabon abu, ni tsofaffin kyamarori nake bi. Ina koyarwa a wata firamare a Kankia, saurayi, ba mata ba ɗa. Da aka yi mana ƙarin albashi, abokan aikina wannan ya sayi rediyo mai kaset, wancan ya ɗinka wando mai faɗin ƙafa yana share titi da shi. Ni babur na saya, don in riƙa shiga ƙauyuka ina tambayar wa ke da tsohon akwatin hoto da ya daina amfani da shi. Masu hoto na birni duk sun koma sababbi 'yan Japan, tsofaffin kuwa suna ƙarƙashin gado suna shan ƙura. Na taɓa samun wata a Mawashi an cire mata ciki ana ajiye allura da zare.

Mahaifiyata ba ta taɓa kiran su da wani suna ba sai tarkace. Duk ranar da na shigo da sabuwa sai ta riƙe haɓa ta ce, "Kai dai Allah ya shirye ka. Sa'o'inka na tara kayan aure, kai kana tara mana idanu a ɗaki."

Amma fa na iya abin, kuma ba zan yi maku kara ba wajen faɗa. Ko ido rufe ka ɗora mani kyamara a tafin hannu, nauyinta zai gaya mani ta asali ce ko kwaikwayo. In na ɗana ta na danna kusa da kunne, ƙarar kaɗai ta ishe ni in san ko tana da sauran rai. Ina duba rubutun da ya zagaye idonta, in shafa fatar jikinta, har sansana ta nake yi. Ina da masu zugazugi, ina da ta katako mai ƙafa uku wadda mai hoto ke cusa kai cikin baƙin ƙyalle. Wanke hoto ma da kaina nake yi. Guda ɗaya ce ta gagare ni: mai ido biyu ƙirar Jamus, ta kafin yaƙin duniya na biyu, wadda ake riƙewa a ciki a sunkuya a leƙa ta sama.

Ina da wani aboki malamin dabbobi, shi ke zagaya rugage a ƙasar Kusada yana yi wa shanu allura. Wata rana da kaka, na tashi daga makaranta ko riga ban cire ba, sai ga shi ya faɗo gidanmu yana haki.

"Sarkin tarkace, tashi! Na gano maka ita."

Ya ce a wata ruga bayan Yashe ya ga wata tsohuwa da baƙin akwati mai ido biyu, ɗaya bisa ɗaya, tana ajiye shi cikin ƙwarya. Na babban ɗanta ne. Ɗan ya yi wa wani Bature likitan shanu aiki, da Baturen zai koma ƙasarsu bayan an sami 'yancin kai ya bar mashi. Da yaƙin basasa ya tashi sai ya shiga soja. Ana gobe zai tafi ya zo ruga ya yi ta ɗaukar hoto, ya bar akwatin wurin uwar ya ce duk suna ciki, in ya dawo zai fito da su. Bai dawo ba. Ba kabari, ba kaya, ba ko hoto ɗaya nashi a duniya sai abin da ke cikin akwatin nan.

"To yanzu idon tsohuwar na rufewa," in ji abokina. "Ƙanen mamacin ya ce gobe in ya dawo kiwo zai sa wuƙa ya ɓalle akwatin, ya ciro mata hoton ta gani kafin ta makance."

Na ce, "Ya ɓalle? A rana? Inna lillahi!"

Ku yaran yanzu da kuka tashi da waya, bari in yi maku bayani. Hoton da aka ɗauka a fim ba ya ganuwa sai an wanke shi da magani cikin duhu. Kafin nan, haske kaɗan ya taɓa shi ya tafi ke nan, ba mai dawo da shi. Bawan Allahn nan ya ɗauka takarda zai tarar a ciki da fuskar wanshi a kai. Da wuƙar ta shiga, da hannunshi zai shafe fuskar.

Washegari ban jira an tashi makaranta ba, na roƙi hedimasta na goya abokina muka kama hanya. Muna barin titi a Yashe muka shiga burtali, yashi ya kama ƙafar babur, sai ga mu a ƙasa ni da shi. Ya tashi yana kaɗe riga yana cewa in na kashe shi a kan tarkace ba zai yafe ba. Na ce ya hau mu tafi, ya yi mitar a hanya.

Allah ya taimake mu mun riga shanu isowa. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo kindirmo, muka sha muka yi ta jira har ƙanen ya dawo. Magidanci ne dogo, mai sanyin magana, da matanshi da 'ya'yanshi. Muka gaisa, lahiya lau, ya shanu, ya gida. Abokina ya gaya mashi ni ne mutumin da ya san kan irin wannan akwati. Ya dube ni sama da ƙasa, ga yashi har cikin gashina, na ga alamar bai gamsu ba. Duk da haka ya kai mu ƙofar bukkar tsohuwar.

Tana zaune bakin ƙofa tana kaɗa zare da lalube. Idon hagu ya yi fari fat, na dama kuma farar yana ta fara hawanshi. Na durƙusa na ce, "Inna, ina wuni." Ta amsa, ta tambayi mutanen gida. Da aka gaya mata abin da ya kawo ni sai ta miƙa hannu ciki ta jawo wata ƙwarya rufe da faifai. Akwatin na ciki, naɗe da saƙi.

Ina warware ƙyallen na san ita ce. Ban ma karanta rubutun ba tukuna. Nauyin, da yadda murfin sama ya buɗe da kanshi da na taɓa shi, da ƙaramin madannin da ke ƙasan ido. Shekara da shekaru ina neman ta a shagunan Kano da Katsina, ashe tana nan cikin ƙwarya tana ƙamshin man shanu. Na juya bayanta, na kare da tafin hannu na zame murfin 'yar jar tagar da ake leƙa lambar fim ta cikinta. Ga lamba. Fim na ciki, kuma ba a taɓa buɗewa ba.

Na ce, "Inna, ɗanki ya iya ajiya, ke kuma kin iya tsaro."

Ta kau da kai ta ce, "Mai akwatin dai ya ce a aje mashi. Na aje."

Mai akwatin. Haka take kiran shi. Ɗan fari ne, kun kuwa san kunyar ɗan fari, balle a ruga. Tun da ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunanshi ba, ba ta taɓa tsayawa ta dube shi a gaban mutane ba. Ƙanen ya ja ni gefe ya ce ko ranar da labarin rasuwar ya zo, tashi ta yi ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi tatsa.

"Malam, ba za ta taɓa buɗe baki ta ce tana son ganin shi ba," in ji shi. "Amma kullum sai ta lalubi ƙwaryar nan kafin ta kwanta. Ni na sani. Idon ga kuwa ba zai kai baɗi ba."

Na gaya mashi gaskiya, cewa fim ɗin ya daɗe, ya sha zafin shekaru, yana yiwuwa a wanke a ga wayam. Amma na ce mashi in dai akwai saura a ciki, ni zan fito da shi, kuma kaf ƙasar nan ban san wanda zai fi ni lallaɓa shi ba. Ya mayar da wuƙarshi kube.

Tsohuwa ta ce akwati ba zai bar ruga ba. Na ce ba sai ya bari ba. Na zauna na riƙa murɗa mariƙin a hankali, yana ƙara yana cijewa, har na ji takardar ta ƙare ta naɗe. Na shiga bukka, aka lulluɓe ni da bargo, ina zufa kamar mai surace, na buɗe bayan da lalube na zare fim ɗin na jefa cikin gwangwani na rufe. Na mayar mata da akwatinta cikin ƙwarya. Abokina sai zungura ta yake yi wai in yi maganar saye. Raina kamar zai fita don son abin nan, amma na haɗiye. Ba ranar ba ce.

A gida na toshe taga da barguna da tsakar rana, na cusa tsumma ƙarƙashin ƙofa, na ce wa mahaifiyata ko gobara ta tashi kada a buɗe mani. Ta ce, "In ta tashi ai kai da tarkacenka za ku san dabara." Na ɗebi ruwan randa mai sanyi na haɗa magani. Na yi bisimilla ta fi a ƙirga.

Na ɗaga fim ɗin a haske. Duk ya yi hazo, hoton farko ma ba komai. Sai na fara ganin inuwa. Ga shanu. Ga wata mace da ƙwarya a kai ta juya wa mai ɗauka baya, ban yi shakka ba Inna ce. Daga nan sai abin dariya: rabin kafaɗar mutum da itace, sai hannun mutum da gindin bijimi, sai kunne guda. Nan na gane inda aka miƙa wa ƙanen akwatin ya ɗauki wanshi. Ita mai ido biyu in ka leƙa ta sama, dama takan koma hagu, hagu ta koma dama. Wanda bai saba ba in ya ga mutum ya zame gefe sai ya bi shi, ashe ƙara nisa yake yi. Na zauna ina dariya, ina kuma tsoron kada a ce duk haka suka tafi.

Na kusa da ƙarshe ne ya fito. Saurayi tsaye, cikakke, da malfa a kai, yana dariya ya miƙa hannu gefe, da gani ƙanen yake nuna wa inda zai juya. Ya dusashe, amma ga ido, ga hanci, ga wushirya. Na yi kabbara da ƙarfi har mahaifiyata ta buga ƙofa.

Na hau mota na kai shi Kano wurin masu injin faɗaɗa hoto. Na tsaya a kansu, na sa aka yanke shanu da itatuwa aka bar fuska da malfa, aka ƙara mata baƙi, aka buga ta da faɗin faifai. Na san idon da zai duba ta, ƙaramin hoto ba zai yi mashi amfani ba.

Ranar da muka koma, tun daga nesa aka hango mu. Kafin in kafe babur an fizge hoton daga hannuna. Mata na salati suna kuka, tsofaffi na cewa shi ne wallahi, yaran da ba su san shi ba suna ɗage. Har daga maƙwabtan rugage aka fara zuwa. Ƙanen ya karɓa, ya duba, ya share ido da hannun riga, ya kai wa uwar ya durƙusa, jama'a duk sun bi shi a baya.

"Inna, ga shi."

Ta juya fuska wajen dangar kara ta ce, "Ku kai wa masu kallo. Ni mi zan gani?"

Ya yi, ya yi, ta ƙi. Ƙarshe ya shiga ya ajiye mata a kan gado ya fito. Abokina ya matso ya ce mani, "Shi ke nan, wahalar banza."

Ni ban ga wahalar banza ba, na ga dai inda matsalar take. Cikin bukka duhu ne, idonta ba ya ganin komai sai a rana tsaka. Waje kuwa ga surukai, ga jikoki, ga baƙi, kuma ba ranar da tsakar rugar nan za ta zama ba kowa. Ba za ta duba a gabansu ba ko za ta mutu ba ta gani ba. Na ɗaga kai na ga rana ta karkata yamma, haskenta na faɗa wa ƙofar bukkar kai tsaye, don ƙofofinsu duk garke suke kallo, shi kuwa yana yamma. A aljihuna kuma akwai sabon fim da na sayo a Kano.

Na miƙe na tafa hannu na ce, "Jama'a, yau ranar farin ciki ce, zan ɗauki kowa da kowa hoto da akwatin nan, kyauta! Babba da yaro, har na goye. Wanda ya tsaya baya babu shi."

Wuri ya kaure. Aka ruga sa kwalli da ɗaura sabon zane. Na roƙi Inna aron akwatin, ta turo mani ƙwaryar. Na sunkuya kusa da ita na ɗaga murya yadda za ta ji da kyau na ce, "Inna, ke ki huta, ba sai kin taso ba. Kowa zai tafi can bakin garke, kuma abin yana ɗaukar lokaci. Za mu daɗe."

Ta ce, "To."

Na kwashe su kaf na kai su nesa, na jera su suna fuskantar rana, bayansu ga bukkoki. Na ce dokar hoto ke nan, kuma ba ƙarya na yi ba. Sannan na ƙara da tawa: duk wanda ya waiwaya fuskarshi ba za ta fito ba, kuma zai ɓata na kowa. Suka ƙame. Na tsaya gabansu na rataya akwatin a wuya, na sunkuyar da kai na leƙa.

A cikin gilashin, ta saman kafaɗunsu, ina hango ƙofar bukkar 'yar ƙarama. Ba kowa. Na yi ta murɗa mariƙi ina gyaran murya. Can sai ga ta ta fito da rarrafe, hoton a hannu. Ta zauna bakin ƙofa. Ta miƙa shi nesa, ta matso da shi, ta karkata shi wajen rana, ta kawo shi dab da idon dama har yana taɓa hancinta. Ta fara daga malfa ta gangaro a hankali.

"Kai sarkin tarkace, rana na soya mu!" in ji abokina daga cikin layi.

Na ce, "Ido bai daidaita ba. Kada wanda ya motsa."

Wani tsoho ya ce ƙafarshi ta sage. Na ce ya yi haƙuri, tsohuwar kyamara ce, sai an bi ta a sannu. Jariri ya fara kuka, na ce sai ya yi shiru. Da ya yi shiru na ce wancan dogon ya koma tsakiya, amma da baya da baya. Duk dabarar ɓata lokaci da na sani sai da na yi ta ranar.

Ita kuwa tana can tana kallo. Na ga ta sa bakin zane ta goge fuskar hoton. Na ga bakinta na motsi, ban ji abin da take faɗi ba, kuma ban so in ji ba. Hawaye suka cika mani ido har gilashin ya dusashe, na ce masu rana ce. Yatsana na kan madanni, in na danna a lokacin har ita za ta fito. Ban danna ba. Sai da ta kifa hoton a ƙirji ta koma ciki, sannan na ce, "To, ku yi murmushi," na danna.

Da za mu tafi na zare fim ɗina, na je yi mata sallama na mayar da akwati. Tana zaune inda muka bar ta da zarenta, kai ka ce ba ta motsa ba. Na durƙusa na ce, "Inna, za mu koma." Ta yi mani addu'a mai tsawo. Sannan ta rage murya, fuskarta na kallon ƙasa, ta ce, "Malfar nan ba tashi ba ce. Ta babanshi ce, ɗauka ya yi."

Na ce, "Allah ya jiƙan su, Inna."

Ta turo mani akwatin da bayan hannu ta ce, "Tahi da shi, ɗan nan. Ba kowa ciki yanzu."

Kafin damina ta zagayo na haɗu da ƙanen a kasuwar Kankia, ya ce idon ya rufe gaba ɗaya.

Yau kyamarorin da na tara sun cika kabad biyu, har daga nesa ake zuwa kallo, kuma har yanzu in aka kawo mani wata ba na kuskure sunanta da ƙasarta. Masu sha'awar abin sukan tambaye ni yadda ake gane mai daraja. Nakan koya masu duk abin da na sani, na nauyi da ƙara da rubutu. Amma abin da nake fara gaya wa kowa shi ne, in ka sami tsohuwar kyamara a gidan mutane, kada ka buɗe bayanta, kuma kada ka yi maganar saye, sai ka tambayi wa ya riƙe ta ƙarshe.

Hoton jama'ar nan yana rataye a ɗakina. Bai yi kyau ba ko kaɗan, kowa ya yamutsa fuska, abokina ma harara ta yake yi. Jikokina in sun zo sukan yi dariya su ce Kaka ashe kai ma kana ɓata hoto. Nakan bar su su yi dariyarsu. Can baya, tsakanin kafaɗar wani tsoho da ta wata mai goyo, akwai ƙofar bukka ba kowa a bakinta. Duk cikin hotunan da na ɗauka a rayuwata, ba wanda nake alfahari da shi kamar wanda na ƙi ɗauka a ƙofar nan.